Itacen Wane Ne? Talauci, Tallafin Ƙetare da Gonakin Maraɗi da Damagaram

Matafiyin da ya taso daga Daura a tsakiyar rani, ya bi ta Kongolam ya ƙetare iyaka ya nufi Damagaram, in dai yana da idon manomi, ba zai kai Matamaye ba sai ya lura gonaki sun sauya kama. Ƙasar ita ce dai jigawar da ya baro, ruwan da ke sauka a kanta bai ma kai na kudu ba, mutanen kuma Hausawa ne masu noman gero da wake kamar 'yan'uwansu na wancan ɓangare. Amma gawo ya cika gonaki, kore shar a lokacin da komai ya bushe, kuma mafi yawansa matashi ne, bai wuce shekara talatin zuwa arba'in ba. Hotunan sama na tsakiyar shekarun 1970 sun nuna waɗannan wurare da itatuwa jefi-jefi. Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale, a binciken da suka wallafa a 2009, sun ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma hakan na ƙara wa ƙasar hatsi wajen tan 500,000 a kowace shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 2.5.

Babu wani shirin dashen itatuwa a Afirka ta Yamma da ya kusanci wannan, alhali kusan ba a dasa ko ɗaya daga cikin itatuwan ba. Wannan maƙala tana so ta tsaya a kan dalilin haka, domin a cikinsa akwai amsa ga tambayar da ake ta yi a tarukan duniya: ta yaya kuɗin tallafi zai rage talauci ba tare da an lalata muhalli ba? Abin da nake son kafawa shi ne, a ƙasar Hausa gyaran muhalli yana taɓa talauci ne kawai idan abin da aka gyara ya zama mallakar talakan da ya gyara shi. Tallafin da ya ƙarfafa wannan mallaka ya bar gado. Wanda ya tsallake ta, komai yawansa, ya tafi tare da motocin da suka kawo shi.

Tsohon zargi

Kalmar ci gaba mai ɗorewa ta samu gindin zama ne da rahoton hukumar Brundtland na 1987, aka kuma mayar da ita muradai 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, waɗanda na farkonsu shi ne kawar da talauci. Sai dai tunanin da ke ƙarƙashin ayyukan muhalli a yankinmu ya girmi waɗannan takardu. Tun a tsakiyar shekarun 1930 wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya bi ta Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ya koma yana cewa Sahara na gangarowa kudu, kuma manomi da makiyayi ne ke buɗe mata hanya. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya kan iyakar a 1936 da 1937 ba ta ga shaidar wannan gangarowa ba. Duk da haka zancen ya zauna, farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya ƙara masa ƙarfi, taron Nairobi kan hamada na 1977 ya sa masa hatimi. Hoton da aka ɗauka shi ne na talaka jahili mai cinye dajin da yake rayuwa a kansa, wanda dole a kare daji daga gare shi.

Magani biyu suka fito daga wannan fahimta. Na farko doka. Dokar daji ta 1935 da Faransa ta shimfiɗa wa yankunan da take mulka, da dokar Nijar ta 1974 da ta gaje ta, sun sa muhimman itatuwa irin su gawo a ƙarƙashin ikon hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Manomi na iya shan tara don ya datse reshen itacen da ke cikin gonar da ya gada daga kakansa. Wanda ya san halin manomi ya san abin da zai biyo baya. Tsiron da zai girma ya jawo maka ma'aikacin gandun daji, gara ka sare shi tun yana ƙarami lokacin sassabe. Itacen da ba naka ba kuma, in ka bar shi, wani zai zo da dare ya sare, ba ka da bakin kai ƙara. Ga kuma koyarwar malaman gona ta wancan zamani, wadda ta ɗauki gona fes, marar ko kututture, a matsayin alamar manomin kirki, musamman da aka shigo da garmar shanu da noman gyaɗa na sayarwa.

Magani na biyu shi ne dashe. Aka kafa wuraren renon itatuwa, aka raba darbejiya da turare a cikin leda, aka killace dazukan ƙauye da waya. Mafi yawan abin da aka dasa bai ga damina ta biyu ba: rani ya yi tsawo, awaki sun ci, gara ta cinye, kuma babu wanda ya ɗauki dashen nasa ne balle ya yi masa ban ruwa. Ba duka aka yi asara ba. Layukan darbejiya masu tare iska da ƙungiyar CARE ta soma dasawa a kwarin Majiya a 1975 sun rayu, sun kuma amfani gonakin da ke bayansu. Aikin Keita, da Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984, ya farfaɗo da tuddai da kwaruruka da dama a ƙasar Adar. Amma ayyuka ne masu tsada, da injuna da abincin lada da ƙwararru na waje, kuma ba a ga ƙauyen da ke maƙwabtaka ya kwaikwaye su da kuɗin aljihunsa ba.

Sassaben zamani

Labarin yadda abin ya juya a Maraɗi sananne ne. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aikin gona da mishan ta SIM, ya shafe shekaru yana raba dashen da ke mutuwa. A 1983, yana kan hanya da lodin dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi, sai ya duba wani ɗan kurmi a gefen hanya ya gane ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututtura na kalgo da sabara da taramniya da magarya suna nan birjik a kowace gona, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su a ƙone. Dabarar ba ta da wuya: a zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi a kan kututture, a cire sauran, a riƙa datse ƙananan rassa, a kare shi daga dabba da gatari. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, itacen kan yi saurin girman da dashe ba zai taɓa yi ba. Manoma suka raɗa wa abin suna sassaben zamani.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa ba sabon ilimi ba ne. Manomin Hausa ya daɗe yana barin gawo da kuka da ɗorawa da kanya a gonarsa, kuma ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. A kewayen Kano, inda jama'a ta fi cunkoso, binciken Michael Mortimore da abokan aikinsa ya nuna itatuwan gona ba su ƙare ba duk da yawan buƙatar itacen girki a birni, domin kowane itace yana da mai shi. A yankin Mirya da Magarya da Matamaye ma, inda Mahamane Larwanou ya yi bincike, gawon ya dawo ne ba tare da wani babban shiri na waje ya bi gona-gona ba. Abin da Rinaudo ya yi shi ne ya ga darajar abin da doka da koyarwa suka sa mutane suka yi watsi da shi, ya kuma nace.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali a ganina shi ne ya fi koyarwa game da tallafi. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da ya zo daidai da ita, shirin na Maraɗi ya raba abinci a ƙauyuka masu yawa bisa sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Mutane suka bari, domin ciki ba ya jira. Da aka samu damina aka daina rabon, mafi yawansu suka koma suka sare. Kaɗan ne suka riƙe nasu, kuma waɗannan kaɗan ɗin su ne suka ga iska ta daina binne musu shuka, ba sa sake shuka sau uku ko huɗu a farkon damina, ga itacen girki a kusa, ga abin sayarwa. Daga gonakinsu abin ya yaɗu, maƙwabci ya gani ya gwada, ɗan cin rani ya kai labari garinsu. Abinci ya sayi biyayya ta shekara ɗaya. Abin da ya ɗore ya samo asali ne daga ribar da manomi ya gani da idonsa, da kuma tabbacin cewa ribar ba za a ƙwace masa ita ba.

Wannan tabbaci ya zo ne a hankali. Jami'an daji na Maraɗi sun yarda a sassauta tara ga manoman da ke renon itatuwa. Faɗuwar farashin yuraniyom da tsuke bakin aljihun gwamnati a shekarun 1980, da rikicin siyasar da ya biyo bayan rasuwar shugaban ƙasa Seyni Kountché a 1987, sun rage yawan zagayen ma'aikatan daji a karkara, sai mutane suka soma ɗaukar itacen gona a matsayin nasu tun kafin doka ta ce haka. Daga baya doka ta biyo sawu: ƙa'idojin dokar karkara na 1993, dokar daji ta 2004, sannan dokar 2020 da ta tsara renon itatuwa a gona da haƙƙin mai renon. Wannan ba baƙon abu ba ne ga al'ummar da fiƙihunta ya san babin raya mataccen fili, wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kansa tun farkon ƙarni na 19: wahalar da mutum ya zuba a ƙasa tana haifar masa da haƙƙi a kanta.

Masu ja da wannan bayani suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sun ce ruwan sama ya ƙaru a Sahel bayan tsakiyar shekarun 1980, don haka koren da ake gani aikin damina ne. Gaskiya ne ruwa ya ɗan dawo, kuma ba don haka ba da renon ya fi wuya. Amma ruwa ba ya sanin iyakar ƙasa. Da Tappan ya kwatanta hotunan gonakin da ke ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Nijeriya, masu ƙasa iri ɗaya da damina iri ɗaya, ya tarar itatuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren Nijar. Wasu kuma sun ce alƙaluman hekta miliyan 5 da tan 500,000 ƙiyasi ne da aka faɗaɗa daga wuraren da aka auna. Haka ne, kuma bai kamata a riƙa karanta su kamar an ƙirga itatuwan ɗaya bayan ɗaya ba. Ko da an rage su da rabi, babu aikin dashen da zai tsaya kusa da su, kuma babu wanda ya yi arha kamarsu.

Abin da itace ke yi wa talaka, da abin da ba ya yi

Talaucin karkarar Hausa yana da lokacinsa. Yakan ciji mutum ne daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, farashin tiya ya hau, maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo abin da za a ci yau. Daga nan ake sayar da akuya, a ci bashin da za a biya da hatsi a kaka lokacin da ya fi arha, a ƙarshe a jinginar da gona. Amfanin itace shi ne yana ba da abin hannu daidai wannan lokaci. Gawo na zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a ƙarshen rani sa'ad da harawa ta ƙare. Ganyen kuka na shiga kasuwa, kuma a kewayen Mirya sana'a ce babba. Reshen kalgo ko sabara da aka datse ana ɗaure shi a kai kasuwa a sayo gero. Matar da a da take yin rabin yini neman itacen girki yanzu tana samu a gonar gidansu. Itace ajiya ce da ba ta mutuwa a shekarar fari kamar yadda dabba ke mutuwa.

Amma kada son labari mai daɗi ya rufe mana ido. A 2005, bayan shekara ashirin ana sassaben zamani, jihar Maraɗi ce ta zama cibiyar matsalar abinci da tamowar yara a Nijar. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Masu bincike sun ruwaito cewa ƙauyukan da ke da itatuwa sun fi jurewa, domin suna da abin sayarwa, kuma na yarda da hakan. Sai dai jurewa daban, fita daga talauci daban. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5.1 a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17.1. Gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya da jikoki ke rabawa, kuma gawo ashirin a rabin hekta ba za su ciyar da gida mai mutum goma ba. Itace yana hana mutum zamewa ƙasa. Hawa sama kuwa yana buƙatar makaranta da asibiti da hanya da kasuwa da sana'ar da ba ta dogara ga damina ba.

Sannan tambayar mallaka, wadda ita ce ƙarfin wannan nasara, ita ce kuma rauninta. In itace na mai gona ne, to wanda ba shi da gona fa? Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart a kudancin Maraɗi ya nuna yadda ƙarancin fili ke fitar da mata daga noma: gamanar da miji ke yanka wa matarsa tana ƙanƙancewa, a wasu gidajen ta ɓace ɗungum. Bazawarar da a da take tsintar itace a ko'ina yanzu tana iya tarar da kowane reshe da mai shi. Makiyayin da ya saba kakkaɓo wa dabbobinsa 'ya'yan gawo a kan hanyarsa yanzu yana iya tarar an tattara su an kai kasuwa. Irin wannan ya faru a Illela ta jihar Tawa, inda wani shiri na asusun IFAD ya kai manoma Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga ramukan zai, waɗanda Yacouba Sawadogo ya shahara da inganta su. Suka dawo suka yi ta haƙa irin waɗannan ramuka, da ake kira tassa, a kan fako, fako ya soma ba da gero, nan da nan ya yi daraja har ana saye da sayarwa. Mai saye kuwa galibi shi ne mai halin biyan 'yan ƙwadago, mai sayarwa shi ne wanda yunwa ta matsa.

Ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye ya nuna hanyar da za a bi. Can mutanen gari suka kafa kwamitin sa ido a kan itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki, suka yi ƙa'idojin sara da tara da kansu, hukuma ta amince da su. A irin wannan wuri ne kuɗin waje ke da aikin yi, aikin da ba ya ɗaukar ido: horar da hukumomin filaye na ƙauye da na gunduma, shata burtali da mashaya kamar yadda dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta tanada, rubuta shaidar gonar mace, biyan kuɗin motar da za ta kai manoman wani gari su ga gonar wani garin. Tafiyar Yatenga ba ta ci kuɗin kirki ba, ga shi har yau ana cin moriyarta.

Ɓangaren Nijeriya

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kashi 65 cikin ɗari na waɗannan a Arewa suke. Ba rashin kashe kuɗi a karkara ne ya kawo haka ba. An kashe, amma a kan manyan ayyukan da aka tsara daga sama. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun ba da ruwan noman rani a Kano, sun kuma rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da manoman shinkafa da makiyaya ke cin abinci daga ruwa ɗaya a lokuta daban-daban na shekara. Lissafin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna abin da aka rasa a fadamun ya zarce abin da aka samu a filayen ban ruwa. Sauyin tafiyar ruwan ya kuma ba ciyawar kacala dama ta toshe hanyoyinsa. A madatsar Bakolori, manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyya, a 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka rasa rayuka da yawa. Waɗannan ayyuka galibi da kuɗin man fetur aka yi su, ba da agaji ba, amma tunanin iri ɗaya ne da na dazukan ƙauye masu waya: ƙwararre ya san abin da ya dace, mai wurin kuma sai dai a sanar da shi. Hausawa kuwa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yau kuɗi na sake shigowa da sunan muhalli. Babbar Koriyar Ganuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, an fara tunaninta ne a matsayin ɗamarar itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, daga baya aka sa mata burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka gyara a yankin da aka shata, wato ƙasa da abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi da addunansu. A Janairun 2021 aka yi alƙawarin fiye da dala biliyan 14 a taron Paris. Abin yabo ne cewa masu shirin sun sauka daga batun ganuwa zuwa gyaran ƙasa iri-iri, kuma darasin Nijar na daga cikin abin da ya sa haka. Nijeriya ta kafa hukumar ganuwar a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wannan na ƙarshe bashi ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba, jikokin manoman ne za su biya.

Damuwata ita ce ma'aunin da ake auna nasara da shi. Mai ba da kuɗi yana son abin da zai ƙirga cikin shekara uku zuwa biyar: dashe nawa aka raba, kilomita nawa aka killace, rijiya nawa aka haƙa. Ɗan kwangila ma nan ribarsa take, domin dashe ana sayensa, waya ana sayenta. Sassaben zamani ba shi da abin saye, shi ya sa ba shi da mai kare shi a teburin kasafi. Da za a koma auna itatuwa nawa ke raye bayan shekara biyar, a gonar wa suke, wa ke da ikon datse su, da rabin ayyukan sun sauya fasali. A Nijeriya akwai ƙarin aiki a kan doka, tunda dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, dokokin daji na jihohi da yawa kuma tsofaffi ne da ke neman manomi ya karɓi izini kafin ya taɓa wasu itatuwan da shi ya rena. Gyara wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya daga waje. Yana buƙatar majalisun jihohi su zauna.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a jingina rayuwar karkara ga alƙawarin waje ba. Tun 1970 ƙasashe masu arziki suka amince su riƙa ba da kashi 0.7 cikin ɗari na abin da suke samu a matsayin tallafi, kaɗan ne suka taɓa cikawa. Dala biliyan 100 a shekara da aka yi alƙawari a Kopenhagen a 2009 don sauyin yanayi ba ta cika a 2020 kamar yadda aka ce ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 manyan masu ba Nijar tallafi sun dakatar da kaso mai yawa, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Ban ce a yi watsi da tallafi ba. Mutanen Sahel ba su suka cika sararin sama da hayaƙi ba, don haka abin da ake ba su don jure zafin da wasu suka jawo haƙƙi ne kafin ya zama alheri. Abin da nake cewa shi ne kayan aro ba ya rufe katara, kuma aikin da zai tsaya ranar da aka rufe asusu bai cancanci a kira shi mai ɗorewa ba. Asibitoci da shirye-shiryen abinci sun ji jiki da waɗannan dakatarwa. Gawon Matamaye bai san an yi ba.

Sabuwar fuskar tsohuwar tambaya ita ce kasuwar kabon, inda kamfanonin ƙasashe masu masana'antu ke biyan kuɗi don a ajiye itatuwa su shanye hayaƙin da suke fitarwa. An gwada a Humbo ta Habasha, inda al'umma ta farfaɗo da daji mai kimanin hekta 2,700 da irin dabarar Maraɗi, ta kuma samu kuɗi ta hannun wani asusu na Bankin Duniya. Can daji ne na gari a kan tudu, kuma sai da aka ba ƙungiyoyin mutanen takardar haƙƙin amfani da shi. Itatuwan ƙasar Hausa kuwa a cikin gonakin mutane suke, kuma darajarsu ga mai gona tana cikin ikonsa na datse su lokacin da ya ga dama. Yarjejeniyar kabon takan ɗauki shekara ashirin ko talatin, an rubuta ta da harshen da manomi ba ya karantawa, tsakaninsa da mai biya kuma akwai dillalai da masu awo da jami'ai, kowa da kasonsa. Kafin wata gwamnati ko ƙungiya ta sa hannu a madadin ƙauye, ya kamata a karanta wa mutanen sharuɗɗan da Hausa a dandalin gari, mata da makiyaya na zaune, a kuma amsa musu abu ɗaya dalla-dalla: ranar da bazara ta yi tsanani, rumbu ya ƙare, maigida ya ɗauki gatari zai datse reshen kalgon da ya rena shekara goma don ya sayo tiya biyu ta gero, zai nemi izinin wani ne ko ba zai nema ba.